Likita a waya, magani a ƙauye

A shekarar 2021 aka buɗe wurin gashin ciwon sankara na farko a Nijar, a birnin Yamai. Abin yabawa ne. Amma daga Damagaram zuwa Yamai tafiyar kusan kilomita 900 ce, kuma da yawa ba su isa can sai ciwo ya ci jiki. Iyali su saida bisashe, su biya mota da masauki, daga bisani a ce su koma gida.

Wanda magani ba ya iya warkarwa, ana iya sassauta masa raɗaɗi. Tun 2014 babban taron hukumar lafiya ta duniya, OMS, ya nemi ƙasashe su saka wannan kulawa cikin aikin asibitocinsu. Wayar salula ta kawo sauƙi: malamin asibitin ƙauye ya nuna wa ƙwararren likita marar lafiya ta bidiyo, likita ya daidaita awon magani, ya faɗa wa iyali gaskiya, marar lafiya kuwa yana kwance a ɗakinsa.

Sai dai waya ba ta kashe zafin ciwo. In babu morfin kusa, shawarar likita ta zama maganar fatar baki. Yuganda ta gane haka: tun 2004 ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta morfin na ruwa.

Wajibi ne ma'aikatar lafiya ta haɗa ukun nan: layin waya, malamin da aka horar, da magani a kanta. Talaka ma yana da haƙƙin cikawa a gaban ƴaƴansa ba tare da azaba ba.