Khuzama da maganar amino asid: kada a sayar muku da ƙamshi da sunan abinci



Yanzu masu talla sun koyi kalmar "amino asid", suna liƙa ta a jikin kowane ganye don kuɗinsa ya hau. Har ta kai ga khuzama, wato furen nan mai ruwan shuɗi da Turawa ke kira labanda, wanda ake nomawa sosai a kudancin Faransa da Bulgeriya.

Shin akwai amino asid a cikinta? Akwai mana. Ai babu tsiron da Allah Ya halitta da ba shi da su, har ciyawar bayan gida. Su ne tubalan da jiki ke gina tsoka da jini da su. Guda 20 ne, 9 daga ciki jiki ba ya iya haɗa su, sai an ci a abinci. To amma don Allah, nawa za ka samu a ƙaramin cokali ɗaya na busasshen fure da aka jiƙa a ruwan zafi? Bai taka kara ya karya ba.

In gina jikin yaranka kake nema, ga wake, ga gyaɗa, ga ƙwai, nono, kifi da zogale. Gero da dawa da masara suna da ƙarancin wani mai suna laisin, wake kuwa cike yake da shi. Kwanon shinkafa da wake ya fi kwalbar khuzama nesa ba kusa ba a wannan fanni.

Ba raina ta nake yi ba. Ibn Sina ya ambaci 'yar uwarta, usɗukhuddus, cikin magunguna. Amfaninta na cikin manta mai ƙamshi, musamman sinadarin linalul, mai kwantar da hankali da taimaka wa barci. A Jamus ma akwai ƙwayar maganin damuwa da aka yi da man.

Sai dai a kula. Man da ake sayarwa a ƙaramar kwalba ba na sha ba ne, kuma a ɗaga shi sama inda yara ba za su kai ba. In za a shafa, ɗigo biyu cikin cokalin man zaitun ya isa. Mai juna biyu da mai shan maganin barci, su fara tambayar likita.

Allah Ya ƙara mana lafiya.