Injin bashe ya gaji: a gyara ko a sayi wani?



Buhunan gero, wake da aya ba sa kai kansu kasuwa. Raguna ma haka. Babbar mota ba ta son barin kwalta. Mai kutsawa cikin rairayi ta kwaso kaya zuwa Agiye, Gazawa, Cadawa ko Gidan Runji ita ce bashe, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira a-kori-kura. Da yawansu sun girmi direbobinsu. Bashe Peugeot 504 ta fara fitowa a 1979. Masana'antar Kaduna, wadda aka buɗe a 1975, ta daina haɗa 504 a 2006. Ku ƙidaya shekarun da kanku.

To, ranar da inji ya gaji, mai mota yana tsakanin hanya biyu. Ko a buɗe shi a gyara, ko a sayo na hannu a ɗora. Kuɗin duka biyun daga garke ko rumbu yake fitowa. Shawarata ita ce: kada ka ja sa zuwa kasuwa sai bakanike ya buɗe injin a gabanka.

Kada ka dogara da lambar kilomita. A tsofaffin motoci agogon ya daɗe da tsayawa, wani kuma hannu ya mai da shi baya. Dubi hayaƙi. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin inji na ƙona baƙin mai, zobban fistan sun cinye. Farin hayaƙi mai yawa, da ruwa mai raguwa kullum, yana nufin ruwa ya sami ƙofa ta wajen kan inji, wato kulas. Zaro sandar awon mai. In ka ga man ya yi kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga. Baƙin hayaƙi a motar gazuwal kuwa sau da yawa ba mutuwar inji ba ce. Matatar iska ce ta toshe, ko famfon mai ke son gyara. Akwai masu sayar da saniya saboda cutar da kuɗin akuya zai warkar.

In an buɗe, abu biyu za ka tambaya. Gangar jikin inji, wadda kanikawa ke kira bulok, ta tsage? Babban ƙarfen da ke juyawa a ƙasa ya lanƙwashe ko ya ci fiye da kima? In duka biyun lafiya, gyara ya fi. Ka san injinka, ka san abin da aka sa masa.

Nan masu Peugeot ta esansi suka yi sa'a. A injin 404 da 504, ramin da fistan ke hawa da sauka a ciki bututu ne da ake zarewa. Sunansa shamis, wato riga da Faransanci. In ta tsufa sai a tuɓe ta a sa sabuwa, da fistan da zobbanta. Shi ya sa waɗannan motoci suka ƙi mutuwa. Tsofaffin injunan gazuwal na Toyota Hilux ba haka suke ba. Sai an kai bulok wurin masu injin gogewa a birni an faɗaɗa ramin, a sa fistan mai ɗan girma. Aiki ne mai kyau in ya faɗa hannun gwani, amma yana cin kwanaki. Kuma kan waɗannan injuna yakan tsage in sun sha zafi, don haka a duba shi sosai.

Gyara yana da nasa tarkon, shi ne kayan jabu. Tun da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kayan waje suka ninka kuɗi, mutane suka koma wa mai araha. Zobe na jabu ba ya kai kaka biyu. Je ka da kanka tare da bakanike a sayo kayan, ko a Maraɗi ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ka ce a ba ka tsofaffin da aka cire. Ba rashin yarda ba ne, hakkinka ne.

In bulok ya tsage, magana ta ƙare, sai na hannu. Amma injin hannu kamar sayen sa ne da dare. An wanke shi, wani har fenti an shafa masa, ba ka san wahalar da ya sha ba. Rufe iyaka da Benin a 2023 ya sa kayan teku suka bar hanyar Kotonu suka zagaya ta Lome, kuma doguwar hanya mai saye ke biyanta. Saboda haka kada ka yi gaggawa. A tada injin ka ji kukansa. A kwance kaskon mai na ƙasa, ka shafa da yatsa. In ka ji garin ƙarfe, bar shi. A rubuta takarda mai lambar injin, da kwanakin da za ka iya mai da shi, gaban shaidu biyu. Yanzu kun iya karatu, ku karanta kafin ku sa hannu. A tabbata kuma zai haɗu da giyar motarka. Injunan Hilux da yawa da suka fito daga 2005 kwamfuta ke tafiyar da su, bakaniken ƙauye ba shi da na'urar bincikensu.

Kafin duk wannan, shiga ƙarƙashin mota. In ƙashin bayanta ya sha walda wuri uku ko huɗu, kada ka zuba mata kuɗin inji. Sayar da ita yadda take.

Ko gyara ka yi ko saye, nemi abin da ya kashe na farko. Yawanci tankin ruwa ne ya toshe, ko ƙurar hunturu ta wuce matatar iska, ko baƙin mai na kwalba da ba a san asalinsa ba. Injin da aka gyara yana son lallashi. Kilomita 1000 na farko ba gudu, ba lodi har sama, sannan a juye mai a zuba sabo. Saboda haka a yi aikin tun da damina, kada ranar fitowarsa daga gareji ta zama ranar ɗaukar buhun aya talatin.