Ta 132 cikin 133: wa ya ƙirga itatuwan Urafane?

A shekarar 2024, hukumar OMPI ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mai mazauni a Janeba, ta fito da jerin ƙasashe bisa ƙwazonsu a fannin ƙirƙire-ƙirƙire. Suwizilan ce ta farko. Nijar ta zo ta 132 cikin 133, Angola kaɗai muka ɗara. Mun san abin da kan biyo bayan irin wannan takarda in ta sauka Yamai: taro a babban otel, kuɗin zama, da sabon "tsarin ƙasa" da za ya ƙare cikin durowa.

Kafin mu sunkuyar da kai, jama'a, mu dubi mudun da aka auna mu da shi. Ma'auni wajen 80 ne: takardun mallakar fasaha, maƙalun da malaman jami'a suka buga, jarin kamfanoni, har da yawan manhajojin wayar salula. Mudun masu masana'antu ne, an sassaƙa shi daidai hatsinsu.

To, mai son ganin abin da mudun nan ya zubar, ya kama hanyar Tasawa zuwa Urafane, ko ya bi Gulbin Kaba ta wajen Mayahi. Gawo, kalgo, sabara da aduwa na tsaye cikin gonakin hatsi. A farkon shekarun 1980, gonaki da yawa na jihar Maraɗi fili ne fetal, iska na binne shuka, manomi ya shuka sau biyu, sau uku. Ba minista ne ya dasa itatuwan nan ba. Sassabin zamani ne: maimakon a sare tohon kututture ƙaƙaf, sai manomi ya zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, ya sassabe saura, ya bar saiwar da ke ƙasa ta yi aikinta. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya soma yaɗa dabarar a Maraɗi a 1983; daga nan manomi ya koya wa manomi, gari ya koya wa gari. A 2009 masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin ƙasar. Ko ɗaya ba shi da takardar mallakar fasaha, don haka a Janeba sifiri ne.

Ina hukuma take duk tsawon wannan lokaci? Tana riƙe da dokar da ta gada daga Nasara, wadda ta ce itace na gwamnati ne ko da cikin gonarka ya tsiro, ma'aikacin gandun daji na cin tarar mai gona. A 1984, zamanin Seyni Kunce, babban taron Maraɗi kan gusowar hamada ya ɗora ƙarfi kan dashe, alhali yawancin dashen shekarun nan bai rayu ba. Sai 2004 aka sake dokar daji, sai 2020 aka sa hannu kan ƙudurin da ya tsara sassabin zamani. Shekara 37 manomi na gaba, hukuma na ja da jaki a baya!

Amma kada masu mulki su ɓoye bayan gawon talaka. Matsayin nan na 132 yana da tasa gaskiya. Tun 1980 a Legas shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa don bincike. Nijar ba ta cika ba. Kowane ɗan kasuwar wake ya san buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke kashe ƙwari ba tare da magani ba. Masanan INRAN na Maraɗi sun yi aiki a kansa tare da jami'ar Purdue ta Amurka daga 2007, amma kuɗin daga gidauniyar Bill Gates suka fito. Kai namu, aljihu na baƙo.

Saboda haka, kafin a kira wani taron hawa jeri, muna son ma'aikatar da ke kula da bincike ta buga wa ƴan ƙasa, tamma-tamma, abin da baitulmali ya zuba wa tashar Tarna da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo a bara, da kuma yawan malaman gona da ke akwai tsakanin Tasawa da Mayahi.