Maharban Amurka da fitsarin barewa

A ƙasar Amurka akwai wata dabbar dawa mai kama da barewa, amma ƙahon namijin rassa gare shi kamar itace. Cikin watan Nuwamba suke barbara. A lokacin nan namiji hancinsa kawai yake bi. Shi ya sa maharban can suke sayen fitsarin macen cikin ƴar kwalba, su jawo shi da warin.

Maharbi yakan ɗiga kaɗan ga tsumma, ya rataye shi ga reshe, kamar taki 20 daga maɓoyarsa. Sa'an nan ya duba iska. In ta kai wa dabba warin mutum, aikin ya ɓaci. Wannan kam maharban Gobir da Damagaram ba su bukatar malami. Kuma ba a shafa fitsarin ga riga ko jiki, don namiji mai barbara yana iya sukar mutum.

Babban haɗarin shi ne wata cutar waɗannan dabbobi. A 1967 aka fara ganinta a jihar Kolorado. Dabba ta rame, ta yi ta dalalar miyau, har ta mutu. Ba magani, ba rigakafi. Cutar tana bin miyau da fitsari da kashi, tana shekaru cikin ƙasa. Ga shi fitsarin kwalba daga dabbobin da aka tsare a garke ake tara shi. Makiyayi ya san ɓarnar da dabba guda marar lafiya take yi a bakin rijiya.

Don haka a 2015 jihar Bajiniya ta hana farauta da fitsarin gaske. Sai na haɗi, wanda ake yi a masana'anta.