Abin da badujala ke tunawa, da abin da take tsallakewa

A ranar 1 ga Afrilun 1900 Sarauniya Victoria ta ba da umarnin kafa rundunar sojan ƙasa ta Irish Guards, domin yaba wa 'yan Ayalan da suka yi wa Birtaniya yaƙi a Afirka ta Kudu. Ba a jima ba rundunar ta samu 'yan badujalarta. Har yau, in suka yi fareti gaban Fadar Buckingham cikin jajayen riguna, taken macinsu na Ayalan ne, wato "St Patrick's Day". Mai kallo zai ɗauka jini bai taɓa zuba tsakanin ƙasashen biyu ba.

Alhali ya zuba. A 1920, lokacin da Ayalan ke yaƙin neman 'yanci, sojojin wata rundunar 'yan Ayalan, Connaught Rangers, da ke aiki a Indiya, suka yi bore saboda ta'asar da dakarun Birtaniya ke yi a ƙasarsu. An harbe ɗaya daga jagororinsu, James Daly, ranar 2 ga Nuwamba. Da kudancin Ayalan ya samu mulkin kai a 1922, aka rushe rundunonin sojan ƙasa biyar na yankin, aka ajiye tutocinsu a Fadar Windsor. Irish Guards ta tsira, domin tana cikin masu tsaron gidan sarauta.

Masu cewa wannan kiɗa ragowar mulkin mallaka ne suna da hujja, amma hujjar ba ta cika ba. 'Yan Ayalan sama da 200,000 ne suka yi Yaƙin Duniya na Ɗaya ƙarƙashin tutar Birtaniya, sabuwar ƙasarsu kuwa ta daɗe tana kawar da kai daga gare su. Sai a 1998 Shugaba Mary McAleese da Sarauniya Elizabeth suka buɗe musu dandalin tunawa a Beljiyam. A tsawon shekarun shirun nan, kiɗan rundunar na cikin abubuwan da suka hana a manta da su.

Sai dai badujala zaɓe take yi. Tana ɗaukaka wanda ya mutu yana biyayya, ba ta da take ga wanda ya mutu yana ƙin umarni. Saboda haka ya kamata a saurare ta a matsayin shaida guda, ba alƙali ba. Shi kuwa Daly, sai a 1970 aka mayar da ƙasusuwansa gida Ayalan.