RUWA BA YA TSAMI BANZA

A yau muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da akawuna bisa wani al'amari da ke ɓoye cikin gidaje da yawa, watau halin da samari da 'yan mata su ke ciki a gidan da ciwon ƙanjamau ya shiga.

A 1986 aka fara tabbatar da wannan cuta a Nijeriya. Binciken da Gwamnatin Tarayya ta yi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 1.9 ke ɗauke da ita. Wani rahoto kuma na wannan shekara, wanda aka shirya tare da Majalisar Ɗinkin Duniya, ya nuna mutum miliyan 14.3 sun sha kayan maye cikin shekara guda, ban da giya da taba. To, inda masifun nan biyu suka gamu a kan yaro ɗaya, nan abin tsoro ya ke.

Ku dubi yaro ɗan shekara 15 wanda ubansa ya rasu, aka ce masa zazzaɓi ne. Uwarsa tana shan magani a ɓoye, shi ke jinyarta, shi ke nemo abin da ƙannensa za su ci. Maƙwabta suna tsegumi, abokai sun daina sa hannu a kwano ɗaya da shi, alhali kuwa cutar ba ta kama mutum ta wajen cin abinci ko musafaha. Wataƙila ma da ita aka haife shi, yana haɗiyar ƙwaya kullum ba a gaya masa dalili ba. Baƙin ciki ya hana shi barci, ba shi da wanda zai kai wa kuka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ran nan sai wani ya miƙa masa wiwi, ko sholisho, ko tiramol, ko maganin tari mai kodin, wanda Gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi a 2018.

Maye yakan ɗauke damuwa na sa'a guda, sa'an nan ta komo fiye da dā. Tiramol yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wiwi kuwa yakan taɓa hankalin waɗansu samari. Babbar hasara ita ce mai maye yakan manta da maganinsa. Idan ana tsallake shi, ƙwayar cutar sai ta yaɗu cikin jini, har ta daina jin maganin. Wanda ya riƙe shi sosai kuwa yakan rayu lafiya lau, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya masu lafiya.

Saboda haka, malam, in ka ga yaro mai ƙoƙari ya fara gyangyaɗi a aji, ko fashi, ko saurin fushi, ka tambaya kafin ka ɗauki bulala. Ka kira shi waje ɗaya, ka saurare shi, ka riƙe asirinsa. Korarsa daga makaranta daidai ya ke da miƙa shi hannun masu sayar da ƙwaya.

Kai kuma akawu, takardun mutane amana ce a hannunka. Magana ɗaya da ta fita daga ofis ta isa ta tozarta gida guda. Dokar 2014 ta hana tona asirin mai wannan cuta, ta hana nuna masa bambanci a makaranta ko wurin aiki.

Iyaye su ma su gaya wa 'ya'yansu gaskiya sannu a hankali, da taimakon ma'aikatan asibiti, kada yaro ya ji ta a bakin maƙwabta. A sani kuma damuwa mai tsanani ciwo ce mai magani. A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, akwai kuma asibitocin Gwamnatin Tarayya na wannan fanni a Kaduna da Kware da Maiduguri. A kai yaro wurin likita tun da wuri ya fi a ɗaure shi da mari.

Ɗa na kowa ne. Allah ya ba mu ikon riƙon wannan amana, amin.