Maigida, Kada Ka Ɓoye Kumburin Gaba

A lokacin goyon ciki da jego, wasu magidanta kan biya bukatarsu da hannu, wato istimna'i. Idan aka yi da ƙarfi, fatar azzakari kan kumbura ta yi raɗaɗi saboda gurzawa. Yawanci ruwa ne ya taru a ƙarƙashin fata, kuma yakan sace cikin 'yan kwanaki idan aka bar wurin ya huta, ana ɗora tsumma mai sanyi. Kada a shafa man zafi, zai ƙara ƙona fatar ne.

A ganina, ɓoyewar ta fi kumburin haɗari. Wanda ya ji ƙara "ƙas", gaba ta kwanta nan take, ta yi baƙi ta lanƙwashe, to ya garzaya sashen gaggawa a ranar, domin rufin ciki ne ya yage, sai tiyata. Haka ma miƙewar da ta wuce awa 4, musamman ga mai sikila.

In kuwa akwai mugunya ko gyambo, wataƙila ciwon sanyi ne ko tunjere, kuma dukkansu suna iya kama mai ciki su cutar da jariri. Uwargida, in kin lura da haka, lallashi maigida ku zo tare ranar awo a gwada ku.